Hanta Ba Ta Ƙarya

Sikeli ba ya son kowa, shi ya sa Auta ta yarda da shi fiye da yadda ta yarda da yawancin mutane. Ranar Laraba ta ɗora buhun ciyawar a kansa, allura ta tsaya a kilo huɗu cif. Ranar Asabar ta sake ɗorawa, allura ta yi 'yar rawarta ta tsaya ƙasa da huɗun. Ta sauke buhun, ta hure ƙurar sikelin, ta ɗan mare shi a gefe kamar yadda ake yi wa tsohuwar rediyo, ta mayar. Bai canja magana ba.

Ciyawar teku ce, irin mai ruwan ƙasa-ƙasa da faɗin ganye, wadda ruwa ke bari a kan duwatsu idan ya janye. Auta da kanta ta je bakin teku ta bi matan da ke tsintarta, ta kwaso buhu shida jiƙe sharkaf, ta wanke mata gishiri da yashi har ruwa uku. A ɗakin gwajin da take aiki babu wurin shanya. Gidanta kuwa ɗaki biyu ne a hawa na uku, kuma mijinta ya ce shi dai a iya saninsa mace ya aura, ba kifi ba. Sai ta kawo ciyawar gidan iyayenta, ɗakin da yayyenta maza suka tashi a ciki, wanda yanzu babu kowa sai tsohon keke da katifa biyu a jingine. Nan ta bushe a inuwa, buhu shida ya koma ɗaya. Daga ciki take ɗiba a niƙa, a jiƙa, a tace, a ƙafar da ruwan har sai wani abu mai danƙo ya rage a gindin kwalba, shi ake ba ɓerayen gwaji don a ga ko zai kare musu hanta daga guba. Saboda wannan aikin ne duk layinsu suke kiranta Likitar Ɓeraye, ita kuma ta daina jin haushi tun tuni.

To amma abin da ya riga ya bushe ƙayau ba ya ƙara ramewa. Ta tsuguna ta dubi bakin buhun. Ita ɗaurin zarge take yi, wanda ja ɗaya ke kwancewa. Wannan kuwa ƙulli ne mai zagaye biyu da kai a soke ta ƙasa, ƙullin da mahauta ke yi wa ƙafar rago kafin su rataye shi. Mutum ɗaya ne a gidan nan ya iya shi.

Ta sami Mama a kicin tana tsintar shinkafa a faranti.

"Mama, wa ke shiga ɗakin su Yaya?"

"In ban da kyanwa wa ke son wannan ƙarnin?"

"Kyanwa ba ta kwance buhu ta mayar ta ɗaure."

Mama ta cire wani ɗan dutse ta yar ta taga. "Ni dai ba a ji mutuwar sarki a bakina ba," ta ce, sannan ta turo leɓe wajen shuɗiyar butar shayi da ke can bayan murhu.

Auta ta buɗe butar. Ruwa ne ja kamar shayin da aka manta a wuta, ganyen ya kumbura ya cika ta, ƙarnin ya daki hancinta. Har ta fara dariya, sai wani tunani ya tsayar da ita. Ta miƙa hannu saman firji inda kwalbar maganin Baba ke zama, ta girgiza. Ƙwaya talatin ake ba shi duk wata, kuma wata ya kusa ƙarewa, kamata ya yi ta ji biyu ko uku suna ƙara. Kwalbar kusan a cike take, ko motsi ba ta yi sosai.

Shekara arba'in Baba ya yi yana fawa, bai taɓa kwana asibiti ba. Bara ne idonsa ya yi rawaya, aka auna jininsa aka ce ƙwayar cuta ce ta daɗe zaune a hantarsa. Ranar da ma'aikaciyar asibiti ta ce masa, "Baba, shiga ɗaki na biyu a ba ka shawara," sai ya ce, "Wadda ta fito mini a ido ba ta ishe ku ba, sai kun ƙara mini wata?" Aka yi ta dariya har da masu jiran layi. Amma likitan bai yi dariya ba lokacin da yake bayani: ƙwaya ɗaya kowace safiya, ba fashi, domin in aka tsayar da ita kwatsam, cutar kan farka ta yi ɓarnar da ba ta yi ba a shekara goma. Auta na wurin, da kunnenta ta ji.

"Tun yaushe?" ta tambayi Mama.

"Yau kwana ashirin. Na yi magana har bakina ya gaji. Ya ce in na faɗa miki, za ki ce ya taɓa miki kayan aiki."

Baba na ƙofar gida a kan bencinsa, dutsen wasa wuƙa a tsakanin gwiwoyinsa. Tun da ya bar kasuwa, matan layin nan suke aiko masa da wuƙaƙensu yana wasawa, ba ya karɓar komai, shi dai ba ya iya ganin dakusasshiyar wuƙa ya yi shiru. Ya ga kwalbar a hannunta, ya ga fuskarta, ya ci gaba da aikinsa yana murmushi kamar wanda aka kama da alewa.

"Auta ta Baba. An kai ƙarata ke nan."

"Baba, me ya sa?"

"Me ya sa me? Ba ke kika ce maganin hanta ne ba?"

Ita ce ta faɗa. Ranar da aka ɗauke ta aikin, a kan wannan bencin, ya ce ta gaya masa abin da za ta riƙa yi. Ta fara bayani tiryan-tiryan, ta ga idonsa ya koma kan wani akuya da ke wucewa, sai ta gajarce masa: "Maganin ciwon hanta muke nema, Baba." Shi ke nan. Kafin la'asar mai shago ya ji, mai gyaran babur ya ji, har mai kawo ruwa ya ji cewa 'yar mahauci ce za ta samo wa duniya maganin hanta. Da gaskiyar masu iya magana, baki shi ke yanka wuya.

"Nema muke yi, Baba. Ba mu samu ba tukuna. Kuma a jikin ɓera ne."

"Ɓera ba hanta gare shi ba?" Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa. "Ƙwayar can, wa ya yi ta? Na san shi? Ya san ni? Wannan kuwa 'yata ce ta je har bakin teku, ta wanke da hannunta. In ban sha naki ba, na wa zan sha? Ki duba idona, fari tas. Ina cin abinci, ina barci."

"To ka sha ƙwayar, ka bar ciyawar sai mun gama."

"A'a. Ba a sa wuƙa biyu a kube ɗaya."

Ta yi magiya, ta yi fushi, ta kawo maganar likita, ta kawo maganar jikoki. Ya saurare ta da fara'a har ƙarshe, sannan ya ce ta shiga ta ci abinci kada ya huce. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba taurin kai ne kawai ba. Alfahari yake da ita, kuma wannan alfaharin ne zai kai shi ƙasa. In ta ce masa aikinta banza ne, ta yi ƙarya, kuma ta kashe masa abin da ya fi daɗaɗa masa rai a tsufansa. In ta yi shiru, buta za ta ci gaba da tafasa.

Ranar Litinin da safe ta fara bi ta asibiti ta karɓar masa katin ganin likita, aka ba ta gobe Talata ƙarfe biyu na rana. Ko zai yarda ya je, wannan kuma wata magana ce. Daga nan ta wuce wurin aiki, ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa, shugabar aikinsu.

Farfesa gajeruwar mace ce mai tabarau rataye da igiya a wuya, wadda ba ta ɗaga murya amma kowa ke gyara tsayuwa in ta shigo. Ta saurari labarin duka, ta yi dariya a wurin butar shayi, ta daina a wurin kwalba.

"In ɓera da sata..." ta ce, ba ta ƙarasa ba.

"Na sani, ranki ya daɗe. Ni ce na bar masa a ɗaki, ni ce kuma na kira shi magani. Alfarma nake nema. Gobe ne za mu buɗe ɓerayen. Ki bar ni in kawo shi ya ga hantar da idonsa. Ba ya jin maganar likita, ba ya jin tawa, amma bai taɓa musu da hanta ba."

Farfesa ta sa tabarau ta dube ta. Ɓeraye ashirin da huɗu ne, kashi huɗu, shida-shida. Kashin farko ba a ba su komai ba sai abinci da ruwa. Na biyu an ba su gubar da ke lalata hanta kaɗai. Na uku an fara ba su ruwan ciyawar na mako biyu, sannan aka ba su gubar. Na huɗu kuwa sai da gubar ta gama aikinta aka bi su da ciyawar. Kowane ɓera lamba kawai gare shi, takardar da ta ce wane ne wane tana cikin ambulan a aljihun teburin Farfesa, don kada son zuciya ya taya ido gani.

"Kin san ba mu san abin da za mu tarar a kashi na huɗu ba," Farfesa ta ce. "In hantarsu ta warke, sunanki ya fito, aikin shekara uku ya yi riba. Babanki kuma ya koma gida ya sayi babbar buta."

"Na sani."

"In ba ta warke ba fa?"

"Sai in samu babana."

Farfesa ta ce ya zo ƙarfe goma, ya sa safar hannu, kuma kada ya zo da wuƙarsa.

A hanyar komawa ɗakin ɓerayen Auta ta kama kanta tana addu'a, ta tsaya ta saurari abin da take roƙo. Shekara uku tana fatan kashi na huɗu ya warke. Da shi take kwana da shi take tashi, shi ne abin da ba ta gaya wa kowa ba don kada a ce ta cika buri. Yau ga ta tana roƙon Allah ya sa ya lalace. Kunya ta kama ta, ta ce a ranta, Allah dai ya nuna gaskiya, ko wacce ce. Ta canja musu ruwa, ta share kejin, ta tsaya tana kallonsu suna ta ƙwaƙular abinci hankali kwance.

Gayyatar ba ta yi wuya ba. Da ta ce masa Farfesa na son wanda ya san hanta ya zo ya duba musu, sai Baba ya ce dama ya daɗe yana mamakin yadda ake aikin hanta ba a nemi mahauci ba. Ranar Talata ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya fesa turare, ya zauna gaban mota kusa da direba yana ba shi labarin inda za shi.

A ƙofar ɗakin gwaji aka ɗora masa farar riga a kan tasa, hannun rigar bai kai masa wuyan hannu ba. Safar roba ta farko ta yage a babban yatsansa, ta biyu ma haka, sai da aka nemo mafi girma. Ya gaisa da Farfesa cikin girmamawa, ya dubi fararen tebura da kwalabe da famfo mai dogon wuya, ya gyaɗa kai.

"Wurin nan da tsafta. Amma almakashin can bai da kaifi, daga nan nake gani."

An riga an gama aikin a ɗaki na ciki, an sa ɓerayen barcin da ba a tashi, an ɗebi jininsu. Auta ta fito da babban tire, ƙananan farantan gilashi ashirin da huɗu a jere, kowanne da lambarsa da hanta ɗaya a ciki, ba ta fi babban yatsa biyu ba. Baba ya sunkuya. Fuskarsa ta canja, wasa ya bar ta, ya koma mutumin da Auta ta sani tana yarinya, wanda in ya tsaya gaban teburinsa da asuba ba a yi masa surutu.

Ya ɗauki ɗan ƙarfen da aka miƙa masa ya juya ta farko, ya leƙa ƙarƙashinta, ya juya ta biyu.

"Wa ya cire maɗaciyar? Ya iya aiki, ko tabo bai bari ba."

"Ɓera ba shi da maɗaciya, Baba. Haka aka halicce shi."

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi Farfesa, ta gyaɗa masa kai. "Ikon Allah. Shi ya sa ba ya jin ɗacin abin da yake yi wa mutane." Ya koma kan aikinsa. "To, me kuke so?"

"Ka raba su yadda za ka raba a kasuwa," Farfesa ta ce.

Bai yi gaggawa ba. Yana dubawa yana magana ƙasa-ƙasa, ba da su ba. Lafiyayyar hanta ja ce mai duhu, tana sheƙi, bakinta siriri kamar an yanke shi. Wadda ta sha wuya takan koɗe ta yi fari-fari, ta kumbura, bakin ya dakushe, in ka danna ba ta tasowa. Yana tura faranti dama, yana tura wani hagu, wani ya ajiye a tsakiya ya dawo masa daga baya. Auta ta tsaya bayansa. Ba ta san lambar kowa ba, ƙidaya kawai take yi. In tarin hagu ya tsaya a shida, ciyawa ta warkar, ita ta ci, Baba kuma ya koma wa butarsa. Ta ga ya kai shida. Ya ɗauki wani ya daɗe yana juyawa, ya tura hagu. Bakwai. Ta samu babanta, burin shekara uku guda kuwa ya faɗi.

Da ya gama, bakwai ne a dama, shida a tsakiya, goma sha ɗaya a hagu.

"Waɗannan," ya nuna dama, "zan kai wa mahaifiyata. Na tsakiya zan sayar, amma sai na gaya wa mai saye ya duba da kyau. Na hagun nan kuwa ko karen maƙwabci ba zan ba ba." Ya cire tabaran da Farfesa ta ara masa, ya yi murmushin wanda ya san amsa. "Su ne ba su sha ciyawar Auta ba. A buɗe takarda."

Farfesa ta yage ambulan ta fara karantawa, Auta na duba lambobi. Na dama, shida waɗanda ba a taɓa su da komai ba ne, ɗaya kuma daga waɗanda suka sha ciyawa kafin guba. Baba ya buga tebur da tafin hannu har farantan suka yi ƙara.

"Kin ji ko! Ya sha guba amma na kasa bambanta shi da mai lafiya!"

Na tsakiya, biyar 'yan ciyawa kafin guba ne, ɗaya kawai daga kashi na huɗu. Farfesa ta ɗago ta dubi Auta ta saman takardar, ta ɗan gyaɗa kai, kuma a wurin wannan matar hakan ya fi tafi. Ciyawar ta kare. Ba duka ba, amma ta kare, ido ma ya gani.

"Saura na hagu," Farfesa ta ce. "Shida guba kaɗai suka sha. Biyar kuma sun sha ciyawa."

Murmushin Baba bai tafi nan da nan ba, sai da ya ɗan jira ko za a gyara maganar. "A sake dubawa."

Ta sake karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo faranti mai lamba goma sha bakwai, wanda ya daɗe a kansa ɗazu, ya juya hantar, ya danna ta. Ramin ya zauna bai taso ba.

"Wannan ya sha?"

"Ya sha, Baba," Auta ta ce. "Ni na ba shi da hannuna, kowace safiya, mako biyu. Kuma tatacce, wanda cokali ɗaya ya fi butarka goma ƙarfi. Sai dai gubar ta riga shi shiga."

"Na tsakiyan fa?"

"Su ciyawar ce ta riga."

Baba ya dubi tari ukun da ya yi da hannunsa. Ba likita ne ya raba su ba, ba Farfesa ba, ba takarda ba. Shekara arba'in yana gaya wa masu kawo masa dabba cewa mai dabba na iya ƙarya, dillali na iya ƙarya, amma hanta ba ta ƙarya. Auta ta ga leɓensa na motsi, ta san abin da yake maimaitawa.

"Ashe lema ce," ya ce a hankali. "Lema kika yi, Auta. Ni kuwa ruwa ya riga ya dake ni."

Hawaye ya cika mata ido. "Laifina ne, Baba. Ni na ce maka magani."

"Lema ma ai maganin ruwa ce. Ba ki yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaya wane irin magani ba." Ya tura farantin ya koma cikin 'yan'uwansa. "Kuma nawa ciwon ma ba guba ba ce, ko? Ƙwayar cuta ce."

"Ita ce. Ba mu taɓa gwada ciyawar a kanta ba. Ko lemar ma, a kan ɓera muka gani, ba mu san mutum ba tukuna."

Ya fara cire safar, tana manne masa, Auta ta kama ta taya shi. Hannunsa da ɗumi, da tsoffin tabon wuƙa da ta haddace tun tana ƙarama. Ta so ta faɗi maganar katin, ta rasa ta inda za ta fara. Shi ne ya ɗago.

"Na san ki. Ba ki kawo ni nan ba sai da kika shirya wani abu. Ƙarfe nawa ne?"

"Biyu."

"To me muke jira? A bar likita ya yi faɗansa ya huce."

Farfesa ta raka su har ƙofa. Ta yi masa godiya, ta ce sai an auna jinin ɓerayen an kuma duba hantar a madubi kafin a rubuta komai, domin idon mahauci ba ya shiga takarda. Baba ya ce ba komai, su duba da madubinsu, in sun sami saɓani ya san ba daga wurinsa ba ne. Ya ƙara da cewa a aiko masa da almakashin nan ranar Asabar.

Likita ya yi faɗa kamar yadda aka zata, Baba ya sunkuyar da kai yana "haka ne, haka ne" kamar ɗan makaranta. Aka ɗebi jini, aka ce ya koma kan ƙwayarsa daga gobe da safe. Bayan kwana biyu sakamako ya fito: cutar ta fara motsi, awon hantar ya hau, amma ba a makara ba. Aka ce ya ci gaba da shan ƙwayarsa, ya dawo bayan wata guda. Auta ta karanta takardar sau uku a tsaye a barandar asibiti, sannan ta samu benci ta zauna.

Ranar Asabar ta iso gidan da almakashin Farfesa a jaka. Tun daga nesa ta hango Baba a bencinsa, matar mai gyaran babur a tsaye gabansa da kwano a hannu. Ta rage tafiya ta ji abin da ake cewa. Mijin matar ne idonsa ya yi rawaya, ta zo a ɗan sam mata ciyawar Likitar Ɓeraye.

"Ba za a ba ki ba," Baba ke cewa. "Ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba. 'Yata lema take ƙerawa, kuma ba ta gama ba. In ta gama za ku ji a bakina kafin kowa."

A ɗakin su Yaya ta sami wani ƙunshin takarda a kan buhun, an ɗaure shi da ƙulli mai zagaye biyu. Ragowar abin da ya ɓoye ne a ƙarƙashin gado. Ba zai shiga gwaji ba, don ba ta san inda ya kwana ba, amma ta ajiye shi a jakarta. A kicin shuɗiyar buta ta koma dafa shayi, Mama na ta mita cewa ta wanke ta sau biyar har yanzu shayin kifi-kifi yake.

Tana ɗaure buhun sai ga Baba a bakin ƙofa, kwalbar maganin a hannunsa.

"Tunda ke sikeli kika yarda da shi, ba babanki ba," ya ce, "ga ta. Ki riƙa aunawa duk Asabar."

"Sikelin nan ba ya jin abu mara nauyi haka, Baba."

"To ki ƙirga."

Ta juye ƙwayoyin a tafin hannunta ta ƙirga, yana tsaye yana kallon rufin ɗaki kamar ba ruwansa. Ranar Talata da ta ƙirga, ashirin da uku ne. Yau goma sha tara. Ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta miƙa masa. Tun da ta fara aikin awo, ba ta taɓa jin daɗin ganin abu ya ragu kamar yau ba.

"Daidai ne?" ya tambaya.

"Daidai ne, Baba."

"To kawo almakashin, kafin rana ta yi zafi."